Yashi a Cikin Koko

A kudancin Kano akwai wani gari da dam ɗinsa bai taɓa shiga jarida ba. Idan ana lissafa ayyukan ruwa na zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975, Bagauda ake fara kira, wadda aka gama a 1970, sai Tiga ta 1974. Wannan kuwa ƙaninsu ne na can baya. Wani rafi ne mai cika ya batse da damina, ya ƙafe ƙaf tun ba a gama sussukar dawa ba, aka zo aka tare shi da ƙasa. Tun farko abu uku aka ce zai yi wa gari: ya rage ƙarfin ruwan da yake cinye gonakin fadama, ya ajiye na lambu da na dabbobi, ya kuma zama wurin shan iska ga mai so.

Mutum ɗaya ya rage a garin wanda aka yi ginin da guminsa. Kowa Baba Maigadi yake kiransa. Yana saurayi ya yi lebura a ayyukan WRECA, hukumar da ta gina madatsun jihar da dama, kuma da aka gama wannan aka bar masa gadi. In ka zauna da shi zai ba ka labarin ginin tiryan-tiryan, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Sai da aka fara haƙa dogon rami daga wannan gaɓa zuwa waccan har aka taɓo ƙasa mai tauri, aka cika shi da yumɓu. A kan wannan aka tayar da ganuwar, yumɓu a tsakiya, jar ƙasa a gefe da gefe. Ba a jibge ta ake yi ba. Tifa ta zuba, gireda ta baje kamar ɗani ɗaya, tanka ta yayyafa ruwa, rola ta bi ta danne, sannan a sake zuba wata. Fuskar da take kallon ruwa aka jera mata duwatsu saboda igiya, bayan kuma aka dasa kiri-kiri don ya riƙe ƙasa. Can a gefe, nesa da jikin ganuwar, aka yanke wata faffaɗar hanya wadda ta fi saman ganuwar ƙasa da kusan tsayin mutum. Ita ce makwarara: idan dam ya ƙoshi, ta nan rarar take ficewa ta koma rafi.

"Dam ɗin ƙasa ba ya tsoron ruwan da yake tsaye a gabansa," in ji Baba. "Biyu ne ajalinsa. Ruwan da ya haura ta kansa, da ruwan da ya bi ta cikinsa yana tafiya da ƙasa."

Yara sun ji wannan magana har sun haddace, suna kwaikwayon muryarsa da ita.

A gindin ganuwar ta baya akwai wani wuri da ruwa yake tsattsafowa, garai-garai, sanyi ƙalau, rani da damina. Baba ya ce wannan ba komai ba ne, kowane dam ɗin ƙasa yana yi, muddin ruwan ya fito da haskensa. Nan wata dattijuwa da ake kira Iya Mai Koko take ɗiban ruwan tace gasararta shekara da shekaru, don gidanta ne na ƙarshe a unguwar da take ƙasan dam. Direbobin da suke lodi a tashar garin sun san kokonta, har wasu kan ce da gangan suke ƙin karyawa a gida.

Ɗanta na fari shi ne shugaban ƙungiyar matasa, wanda duk gari yake kira Ciyaman. Ita kam ba ta kiransa da komai. "Yaron nan" take cewa, kuma ko a tsakar gida ba ta haɗa ido da shi, sai dai ta aika ƙanwarsa. Ya yi karatu a Kano ya dawo ba aiki, ya dubi dam ɗin da ba mai zuwa sai shanu da masu wanki, ya ga abin da ba wanda ya gani. Ƙungiya ta yi karo-karo aka sayo kwale-kwale biyu aka yi musu fenti. Aka kafa rumfuna, masu tsire da masu shayi suka zo, masu hoto suka biyo. Darbejiyar da wasu suka dasa a kan ganuwa shekarun baya ta yi inuwa, aka jera bencina a ƙarƙashinta. Guda ɗaya ce ta tare hanya, aka sare ta aka bar kututturen. Makarantu suka fara kawo yara yawon buɗe ido, angwaye suna zuwa ɗaukar hoto da amarensu. A faɗi gaskiya, yaron ya yi abin kirki. Samari da yawa da da suna Legas ko Abuja suna acaɓa, a nan suka sami na cefane, suna kwana a ɗakunansu.

Matsalar ita ce dam ya tsufa. Kowace damina rafi yana kawo yashi da laka ya ajiye a ƙasansa, cikinsa yana ta raguwa. Kafin a shiga Afrilu ruwa ya ja baya ya bar taɓo, kwale-kwale ya kafe. Ga shi kuma Ƙaramar Sallah ta 2023 a Afrilu ta faɗo. Mutane suka zo daga garuruwa da kuɗinsu, suka tarar da kwale-kwale a kife a kan busasshiyar laka, suka juya.

Daga nan shawarar ta fito: a jera buhunan yashi a bakin makwarara, layi uku, don dam ya riƙe ruwa fiye da yadda ya saba. Daga baya an yi ta cewa Ciyaman ne, Ciyaman ne. Shi ya fara faɗa, ba musu. Amma Sarkin Noma ne ya ba da buhunan taki da babu komai ciki, don yana hangen albasa har watan Mayu. Sarkin Ruwa ya ce kifi zai yi auki. Ardo ya ce shanu za su huta da tafiya. Dagaci ya gyara zama ya ce abin da jama'a suka gani shi ne daidai. Baba Maigadi kaɗai ya ce a'a, ya kawo musu zancen Bagauda, yadda ta ɓalle a watan Agustan 1988 bayan ruwa mai yawa, ita da injiniyoyi suke dubawa. Aka saurare shi da ladabi kamar yadda aka saba, aka je aka jera buhuna. Shi ma bai ƙara ɗaga murya ba. Alawus ɗinsa na gadi ya daɗe da yankewa, ƙungiyar matasa ce take ba shi ɗan abin sawa a baki duk wata, kuma bakin da ya ci shi yake jin kunya.

Shekarar farko lafiya lau. Sallar Afrilun 2024 ba a taɓa ganin irinta ba a garin, har layi ake yi kafin a hau kwale-kwale. Sarkin Noma ya cire albasa sau biyu. Da aka ga haka sai aka ƙara layi biyu a kan ukun. Kuma tunda hanyar makwarara shimfiɗaɗɗiya ce, a bushe, ga ta dab da wurin taro, sai aka kafa shagunan langa-langa a cikinta. Ciyaman ya ci bashi ya gina gidan kallon ƙwallo a tsakiyarsu, da janareta da manyan talabijin biyu.

Wata safiya a ƙarshen Agusta wani direba ya kurɓi koko ya tsaya yana tauna.

"Iya, yau kuma da yashi aka dama?"

Ba ta ce masa komai ba, ta ƙara masa ƙosai biyu. Mace ce da ba ta yarda a taɓa sana'arta, ta kuma san ba daga gero ba ne, ita ta wanke shi da hannunta. Da ta tashi daga kasuwa ta je ta ɗebo ruwan a farin kwano ta ajiye a inuwa. Kafin la'asar jar ƙasa ta kwanta a gindin kwanon, siririya, amma tana nan. Ta yafa mayafi ta nufi rumfar Baba da kwanon a hannu.

"Malam, shekara nawa ina ɗiban ruwan nan?"

"Ai tun Ciyaman yana goye, Iya."

"To ban taɓa ganin wannan ba. Kai ka sha cewa ruwa ba ya tsami banza."

Baba ya sa yatsa ya shafo gindin kwanon, ya murza, ya kai hanci. Bai ko ɗauki sandarsa ba ya gangara. Wurin da ruwa yake tsattsafowa ya faɗaɗa, har ya tara ɗan tulin ƙasa mai laushi a kewayen bakinsa. Ya ɗaga kai ya bi layin da ido har sama. Daidai kututturen darbejiyar nan ya tsaya.

Washegari shi ya kai kwanon fada. Sarkin Noma ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ruwan damina ai dama ja ne." Baba ya ce kwana biyu ke nan ba a yi ko yayyafi ba, kuma wannan ba daga sama ya gangaro ba, daga cikin ganuwa ya fito. Ƙasar da take cikin kwanon nan jikin dam ce. Ya ce buhunan sun hau da ruwa zuwa wani sashe na ganuwar da bai taɓa jiƙa ba tun da aka gina ta, inda rana ta tsattsaga, gafiya ta yi ramuka, saiwa ta ratsa. Ciyaman ya durƙusa ya ce, "Baba, ba raina maganarka muka yi ba. Damina saura 'yan makonni. A bari ta wuce, ni da kaina zan sa a duba wurin." Dagaci ya ce a rubuta takarda zuwa ga ma'aikatan ruwa. Aka rubuta, aka buga hatimi, kowa ya tashi da jin an yi wani abu.

Iya ta koma sayen ruwa a wurin 'yan ga-ruwa daga famfon burtsatse, ribarta ta ragu. Amma ba ta daina zuwa gindin ganuwar ba. Kullum bayan asuba ta cika kwalba ɗaya ta jera a kan katangarta ta bar ta ta kwanta. Ba ta yi boko ba, ba wanda ya koya mata, kawai dai tana so ta sani ko abin gaba yake yi ko baya. Ta farko ƙasar ba ta fi kaurin farce ba. Ta kwana goma sai da ta kai gaɓar yatsa. Masu wucewa suna gani, wasu suna cewa tsohuwa ta fara haɗa magani.

Ranar Talata 10 ga Satumba, 2024, rediyo ya wayi gari da labarin Maiduguri. Madatsar Alau da take kan kogin Ngadda ta ɓalle cikin dare, ruwa ya shiga birni, ya ci kasuwa da asibiti, ya rushe katangar gidan yari, har namun gidan zoo sun fito. Kafin azahar hotunan sun cika wayoyin samari. Ba wanda ya aika wa Baba, sai ga Dagaci da kansa a rumfarsa, abin da bai taɓa yi ba. Mako biyu kwalabe suna jere a kan katanga a tsakiyar garinsu ba su gani ba, sai da aka nuna musu ruwan wani gari mai nisan tafiyar yini. Haka ɗan Adam yake, kuma ba mutanen garin nan kaɗai ba.

Aka samu wani ɗan garin, injiniya ne da yake aiki a wata jiha, aka kira shi a waya aka buɗe murya kowa yana ji. Ya sa aka nuna masa wurin da kwalaben ta bidiyo. Ya yi shiru, sannan ya ce a kwashe mutanen unguwar ƙasa yau ɗin nan. A buɗe bawul ɗin bututun da yake ƙarƙashin ganuwa. A cire buhunan makwarara, amma layi-layi daga sama, kada a ɓarke su gaba ɗaya ruwa ya taho da ƙarfi ya yi wata ɓarnar. Wani ya ce to su kawo siminti su toshe ramin.

"Kada ku kuskura," in ji injiniya. "In kun toshe nan zai ɓullo ta inda ba ku gani. Ku kewaye wurin da buhuna kamar bakin rijiya, ku zuba yashi mai tsakuwa, ku bi da tsakuwa a kai. Ruwan ya fita, ƙasar ta tsaya. Shi ke nan abin da ake nema."

Bawul ya yi tsatsa. Sai da aka yi masa wanka da baƙin mai, ƙarti huɗu suka kama da dogon ƙarfe, sannan ya motsa. Ana cikin haka hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin.

Ciyaman yana tsaye a ƙofar gidan kallonsa. Bai yi gardama ba, roƙo ya yi. "Ranka ya daɗe, a ba mu zuwa safiya. Mu cire kwano, mu kwance wayoyi, masu shaguna su kwashe kayansu. Bashi ne a kaina, ban biya ko rabi ba." Masu shaguna suka mara masa baya. Dagaci ya dubi sama, ya dubi ƙasa, aka ga alamar zai sake cewa abin da jama'a suka gani.

Sai ga Iya ta hauro, ba kaya a kanta, ko ƙullin tufafi ba ta ɗauko ba, alhali maƙwabtanta suna ta loda tabarmi a kan amalanke. Ba ta kalli ɗanta ba. Baba ta fuskanta.

"Malam, a gaya wa yaron nan ni ba inda zan je. In ya ce a jira safiya, to a ɗakina zan jira ta."

Ta juya ta gangara. Ba wanda ya yi magana. Ciyaman ya bi ta da kallo har ta shige ƙofarta, ya tuɓe rigarsa ya miƙa wa wani yaro, ya ce a kawo igiya.

Mutanen Sarkin Ruwa ne a gaba, don su suka san ruwa, kowa da igiya a ƙugu an ɗaure a jikin turke. Buhun da ya sha ruwa wata da watanni ba ya ɗaguwa ga mutum ɗaya, wasu ma da an taɓa sai su yage. Aka yi layi daga makwarara har gindin ganuwa, ana miƙa masu kyan hannu da hannu, Baba yana can ƙasa da tocila yana nuna inda za a ajiye kowanne. Buhunan da suka tare ruwan a sama su ne dai aka kewaye ramin da su a ƙasa. An gama layi na biyu ruwan sama ya sauko, irin mai dukan fuska. Suna cikin na uku rarar ta fara zuba da gaske. Abin da aka iya fitarwa daga gidan kallo talabijin ɗaya ne da janareta. Shagunan suka fara karkacewa, aka ji ƙarar langa-langa tana naɗewa, sai duhu ya haɗiye su. Ƙanwar Ciyaman ce ta je ta shaida wa Iya cewa an buɗe, sannan ta yarda aka kama hannunta zuwa firamare, inda sauran suke.

Da gari ya waye dam yana nan. Amma kusa da kututturen ƙasa ta lotsa, ta yi wani rami da zai ɗauki akuya, kuma ruwan bai fi kamu biyu tsakaninsa da wurin ba. Sai da aka kwana uku ruwa yana ja sannan kwalbar Iya ta fito da haske.

Abin da ya biyo baya bai yi daɗi ba. Injiniya ya zo da kansa ya ce sai an rage ruwan sosai kafin a taɓa ganuwar, don haka lambun bana rabi ne. Sarkin Noma ya yi watanni ba ya amsa gaisuwar Baba da kyau. Har yau akwai masu cewa da an bar shi ma ba abin da zai faru, tsoron rediyo ne kawai ya sa aka yi asarar shaguna. Da rani aka haƙa wurin kututturen, aka tarar saiwar ta ruɓe ta bar kogo mai kaurin cinya, ya ratsa yumɓun tsakiya, gara ta yi gida a ciki. Masu wannan magana ba su zo kallo ba.

Sauran darbejiyar duk aka tumɓuke har saiwa, aka yi gayya aka cike ramukan da yumɓu, ɗani-ɗani, ana yayyafa ruwa ana daɓewa, Baba yana zaune a kan kujera yana mayar da duk wanda ya zuba da yawa. Aka dasa sababbin itatuwa can gefen tudu, nesa da ganuwa, inda ba za su yi inuwa ba sai nan da shekaru. Ciyaman ya sayar da kwale-kwale ɗaya ya rage bashi. Shi ne kuma ya gano cewa lakar da ta cike dam ɗin manoman tudu suna so, masu bulo kuma suna son yashin, sai ƙungiya ta shiga haƙa tana sayarwa amalanke-amalanke. Aikin ba ya sauri, amma kowace amalanke wurin ruwa ce ta ƙaru.

A zaman fada na bayan girbi aka yanke cewa kuɗin gadi daga asusun gari zai riƙa fita, ba daga hannun ƙungiya ɗaya ba, kuma duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a kawo kwalbar ruwan gindin ganuwa a ajiye a gaban Dagaci. Ana shirin shafa fatiha Baba ya ce akwai saƙo daga Iya. Tana neman kuɗin ruwan ga-ruwa da ta saya tun daga ranar da aka kawo kwano fada har ranar da aka buɗe makwarara, ga lissafin nan ƙanwar Ciyaman ta rubuta. Aka yi dariya, Ciyaman ya sa hannu a aljihu.

"Ta ce ba daga aljihunka ba," in ji Baba. "Ta ce a bi waɗanda suka zauna a nan ranar da aka ce a jera buhuna, kowa ya kawo nasa. Har da ni."

Ya ciro nasa ya ajiye a kan tabarma. Dagaci ya yi gyaran murya ya aika cikin gida. Ardo da Sarkin Ruwa suka biya a take. Sarkin Noma ya ce shi ba kuɗi a jikinsa, sai da aka yi masa aike sau biyu sannan ya turo yaro da kwandon albasa.